Ramar da Aka Ɗora wa Maigidana

Shekararmu huɗu da aure lokacin da ƙafafuna suka fara kumbura. Muna zaune a unguwar Gada Biyu cikin Jos, ɗaki biyu da ɗan tsakar gida. A farkon shekarun hamsin ne, Turawa suna nan, aikin kuza yana ci, garin ya cika da baƙi. Cocinmu yana can wajen Jos Jarawa, kuma kowace Lahadi kafin in kai ƙofarsa sai na jiƙe da gumi, duk da sanyin garin nan.

Maigidana kafinta ne. A kasuwar Katako yake sayen katako, ya yi ƙofofi da tagogi da bencina. Mutum ne mai shiru. In ya ji daɗina sai ya sayo nama. In ya ga ya ɓata mini rai, sai ya sayo nama ya haɗa da kwalbar man ja. Ban taɓa jin ya ce yana sona da bakinsa ba, amma a tukunya na ga abin, kuma jikina ya karɓa duka.

A wancan zamani jikin mace shi ne shaidar mijinta. In na shiga coci ina cika rabin benci, sai matan su taɓa juna su ce kafinta ya iya riƙo. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai kamar bai ji ba, alhali na san ya ji. A shekarar ne aka fara maganar za a naɗa shi dattijon ikilisiya. Babu abin da yake so a duniya kamar wannan. Shi ya fara shiga coci a duk gidansu, ya sha zagin dangi a kan haka, ya koyi karatu da girmansa. Kuma kowa ya san abin da ake fara dubawa kafin a naɗa mutum: yadda yake riƙe da gidansa.

Da kumburin ya ƙi sauka, na je ɗakin shan magani na mishan. Akwai wata Baturiya a can, Sista muke ce mata, ta iya Hausa sosai. Ta ɗora ni a kan sikeli, ta danna ƙafata da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa.

"Zuciyarki tana ɗaukar kayan mutum biyu," in ji ta. "Ba za ta jure ba har tsufa."

"To wane magani za a ba ni, Sista?"

"Maganin yana murhunki. Ki ci sau uku a rana, amma kaɗan. Gwaten acha da ganye da yawa. Ki rage tuwo, ki rage man ja, ki bar sukari a shayi. Ki yi tafiya kullum da safe. Jikin nan ajiya ce Ubangiji ya ba ki, ki roƙe shi ya taimake ki riƙe ta."

Na fito ina juya maganarta ta ƙarshe. Sauran duk na bar su a bakin ƙofa.

Dole in faɗi irin matar da nake a lokacin. Tun da na iya karatu a ajin manya na coci, ba ni da abin so kamar 'yan ƙananan littattafan soyayya da ake shimfiɗawa a kan tabarma a kasuwa. Ina ɓoye su ƙarƙashin akwati. A cikinsu mace tana shan wahala shiru, ba ta faɗa wa kowa, sai wata rana namijin ya ɗaga kai ya gan ta, hawaye su zubo masa. Na karanta irin wannan har na ɗauka haka rayuwa take tafiya. Saboda haka a hanyar gida na tsara komai. Zan mai da abin azumi tsakanina da Ubangiji. An koya mana cewa mai azumi ba ya shela, to ba zan faɗa wa kowa ba, har maigida. Wata safiya zai shigo tsakar gida ya same ni siririya kamar ranar da ya fara ganina a bakin rijiya, ya tsaya, gudumarsa ta faɗi daga hannunsa. Har gudumar na gani a raina.

Azumin da na sani da idona kuwa shi ne na maƙwabtanmu Musulmi, daga asuba zuwa faɗuwar rana. Shi na ɗauka, sai dai nawa ba shi da sahur kuma ba shi da ranar ƙarewa. Da safe in dama wa maigida kunu in ce ni zan sha daga baya. Da rana ba ya gida. Da yamma in zuba masa tuwo, ni in ɗan taɓa loma uku in ce na ci tun ina kwashewa.

Makon farko na ji kamar ina tafiya a kan gajimare. Na yi addu'a fiye da yadda na taɓa yi. Mako na uku kaina ya fara sarawa tun hantsi, in na sunkuya wanki in ga duhu. Addu'ar ma ta koma lissafin awa nawa suka rage rana ta faɗi. Amma zanena ya fara zagaye ni da saura, sai na ce Ubangiji yana amsawa.

Wadda ta fara magana ita ce Iya mai shago, Bayarabiyar da ke sayar da sabulu da ashana a bakin layinmu. Cocinmu ɗaya. Har lokacin amarya take kirana, da Hausarta da ba ta bambanta mace da namiji.

"Amarya, zo nan. Ina ka kai wuyanka?"

"Yana nan, Iya."

"Ba ya nan. Da guda uku ne, yanzu ɗaya da rabi. Oga kafinta ya daina zuwa mahauta ne?"

Na yi dariya na ce lafiya lau. Ta bi ni da ido har na shige. Ashe ranar Alhamis ta kai maganar zumuntar mata.

Matan cocinmu suna da wata al'ada mai kyau. In an ga gida ya shiga matsi, ba a tambaya, don kada a kunyata mai gidan. Sai shugabar zumunta, wadda duk muke kira Mama, ta raba kwanaki a tsakanin mata, kowace ta kai kwanon abinci ranarta, da rana, lokacin da namiji ba ya nan. Ni ma na sha kai wa wasu. Ba a mayar da abincin, don mayarwa zagi ne. Ba a kuma mayar da kwano babu komai a ciki.

Ranar Litinin da azahar aka yi sallama. Mama ce da kanta, da kwanon sha a lulluɓe da ƙyalle. Sakwara ce da miyar agushi, man ja yana yawo a kai.

"Wucewa nake yi, ɗiyata, na ce bari in leƙo ki."

Gidanta yana can bayan coci. Babu inda za ta wuce ta Gada Biyu.

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Ta zauna a kan turmi, ta ce in ci tana nan. Na ce yanzun nan na tashi daga kan abinci. Ta dubi murhu, wanda babu ko hayaƙi a cikinsa, ta dubi fuskata, ta girgiza kai a hankali.

"Allah yana gani," in ji ta. "Ki yi haƙuri. Maza sai haƙuri."

A nan ya kamata in buɗe baki. Kalma goma sun isa. Amma na ji wani irin daɗi a ƙirjina, na ga kaina kamar matan littattafaina, ana tausaya mini ina rufe sirrina. Na sunkuyar da kai na ce na gode.

Daga ranar kwanuka suka fara zuwa. Talata dankali da wake, Laraba tuwon acha da miyar karkashi, Alhamis shinkafa. Abincin ina ba wata tsohuwa mai kawo mana itacen girki, ta ci ta tafi da saura. Amma kwanukan sai an cika su kafin a mayar. Sai na koma soya ƙosai, ina soya gyaɗa, ina dafa masara, ina bin gida gida da kwano a kai, cikina babu komai tun jiya. Ban taɓa yin girki a rayuwata kamar a watannin da ba na ci ba. In na tsaya kan kaskon ƙosai, ƙamshin ya riƙa juya mini kai har in dafa bango. Kowane gida na shiga a zaunar da ni, a kalli ƙasusuwan wuyana, a yi ajiyar zuciya.

Maigida kuwa ya ga ramar. Gudumarsa ba ta faɗi ba. Abin da ya yi shi ne ya ƙara nama. Daga sau biyu a mako ya koma kullum. Wata rana ya kawo hanta, wata rana kaza sukutum. Ya ajiye a bakin madafa, ya dube ni ta gefen ido, ya tafi wanke hannu. Ni kuma ina jira ya yi magana irin ta littafi. Haka muka yi ta kallon juna ta gefe har wata biyu.

Ranar da abin ya fashe, ruwa ne ya sauko tun kafin azahar, da ƙanƙara, irin na farkon damina. Aiki ya tsaya, ya dawo gida da wuri. A bakin ƙofa ya yi karo da matar mai kaɗa ƙararrawar coci, ta rufe kwano da mayafinta. Ina daga ciki ina jin su.

"Sannu da ruwa, uwargida. Lafiya?"

"Lafiya, kafinta. Ɗan abin taɓawa ne na kawo wa 'yar'uwata."

"Biki ake yi?"

Ta gyara riƙon kwanon. Sai ta ce, "Kada ka damu. Kowa yana shiga irin wannan. Mu ma bara an kai mana."

Ni matarsa na sha kai irin wannan kwano gidajen mutane, ya san ma'anarsa. Ya matsa ya ba ta hanya. Ya shigo ya wuce ni, ya zauna a ɗaki da rigarsa jiƙe. Na jira ya tambaye ni. Bai tambaya ba. Ni ma ban faɗa ba, don har lokacin ina gaya wa kaina cewa alkawari na yi wa Ubangiji.

Lahadin da ta biyo, dattawa biyu suka zo gidanmu bayan an tashi sujada. Haka ake yi wa duk wanda ake so a naɗa. Na yi musu tuwo da miyar kaza. Suka ci, suka yaba. Babban cikinsu, tsoho mai farin gashi wanda ya yi mana baftisma, ya kira ni ya ce in zauna.

"Ɗiyata, ana zaune lafiya a gidan nan?"

"Lafiya lau, Baba."

"Babu abin da ke damun ki?"

"Babu, Baba."

Tun safe ban sa komai a bakina ba, ga tafiyar coci, ga girki. Idona ya kawo ruwa don yunwa kawai. Tsohon ya daɗe yana kallona. Ya dubi ɗan'uwansa. Suka yi addu'a suka tafi.

Ranar Laraba da la'asar maigida ya dawo daga wurin fasto. Ina tsince acha a faranti. Ya jawo guntun katako ya zauna a gabana, abin da bai saba yi ba.

"An ce in dakata," in ji shi. "An ce in fara gyara gidana."

Na ajiye farantin.

"Uwargida, ki gaya mini. Me na rage ki da shi? In wani abu na yi, ki faɗa. In gidanku kike so ki koma, ki faɗa. Na yi ta tunani har na gaji."

Muryarsa ba ta tashi ba. Ko kusa ba ta yi kama da abin da na yi wata biyu ina jira ba. Na faɗa masa komai, daga sikelin Sista har tsohuwa mai itace. Na bar maganar gudumar kawai, don kunya.

Ya saurara har na gama. Ya daɗe yana murza tafin hannunsa.

"Wato Allah ya sani, Sista ta sani. Ni kaɗai ne baƙo."

"An ce ba a shelar azumi, Maigida."

"Ni kasuwa ce?"

Ya tashi ya hura wutar da kansa, ya dama kunu mai kauri, ya miƙo mini, ya tsaya a kaina har na shanye.

Washegari ya bar aiki ya raka ni wurin Sista. Da ta ji abin da na yi, ta cire tabarau ta ajiye a tebur.

"Sau nawa na ce ki ci a rana?"

"Uku, Sista."

"To wa ya ce ki mai da shi babu? Ubangiji bai roƙe ki yunwa ba. Da kin faɗi kan kaskon mai fa?"

Ta juya ga maigida ta sake jera masa komai, shi kuma ya rubuta a bayan takardar awon ƙofa da fensirin da ke kunnensa. Gwate da safe. Tuwo daidai dunƙulen hannu. Ganye ko nawa take so. Man ja cokali ɗaya. Da ta zo kan nama ta ce sau biyu a mako ya isa, sai na ga fensirin ya tsaya. Ya ɗago ya ce, "To ni me zan riƙa kawo mata?" Sista ta ce ya kawo kabeji. Bai yi dariya ba, ya rubuta.

Saura mata. Da yammar ranar na je zumunta. Bayan waƙa ta biyu na miƙe na ce ina da magana. Na faɗa musu cewa gidanmu bai taɓa rasa abinci ba, ni ce na ƙi ci, likita ce ta ce in rage jiki, ni kuma na yi abin ba yadda aka ce ba. Na ce mijina ba shi da laifi ko ɗaya.

Iya mai shago ce ta fara.

"To sakwaran Mama fa, wa ya ci?"

"Mai itace."

"Shi ya sa. Na ga tsohuwan nan yana ƙyalli kwanan nan."

Wasu suka yi dariya. Mama ba ta yi ba. Ta ce, "Ɗiyata, zauna. Mun ji. Mace tagari tana rufa wa mijinta asiri, Allah ya yi miki albarka."

"Mama, ba rufin asiri ba ne. Gaskiya ce."

"Mun ji, na ce."

Wata daga baya ta ce ita dai tun da take ba ta taɓa jin inda ƙoshi ya zama ciwo ba. Wata ta ce maganar Turawa ce, su da matansu kamar sanda. Na tsaya a tsakiyarsu ina maimaita abu ɗaya, ina jin yadda kowace maimaitawa take ƙara tabbatar musu da abin da suka riga suka yarda da shi. Daga ƙarshe ƙafafuna suka gaji na zauna. Aka ɗauki waƙa ta uku.

Na je wurin fasto, na je wurin tsohon da ya yi mana baftisma. Sun karɓe ni da mutunci. Tsohon ya ce ya yarda da ni, amma mutumin da matarsa za ta yi wata biyu ba ta ci a ɗakinsa bai tambaye ta ba, shi ma akwai abin dubawa a nan. Ban iya cewa ƙarya yake ba. Ya ce a bari ƙura ta kwanta, akwai wata shekara.

Kwanukan sun daina zuwa. Na koma cin abin da aka rubuta a bayan takardar ƙofa. Kafin kowane ci muna addu'a tare, a fili, shi ya ce haka za a riƙa yi. Jikin ya riƙa sauka a hankali, a hankalin da babu wanda zai rubuta littafi a kansa. Kumburin ya tafi kafin kaka. Ciwon kai ya daina. Amma duk ranar da na ɗaura zane na ga ya ƙara saura, na san akwai wadda za ta gani a coci ta dubi mijina.

Wani malamin makaranta aka zaɓa a madadinsa, mutumin kirki, matarsa kuwa ƙatuwa. Dattawa suna zama a gaba, kowa da kujerarsa mai hannu, kuma duk maigidana ne ya yi su. Saboda haka aka aiko masa ya yi ta sabon dattijo.

Na ce ya ba wani kafinta. Ya ce aikin coci ne. Ya je Katako da kansa ya zaɓo maɗaci mai kyau, ya kawo gida ya yi aikin a tsakar gida, kwana huɗu. A rana ta ƙarshe ya kira ni in riƙe masa ƙafar kujerar yana goge hannunta. Na durƙusa na riƙe. Garin katako yana zuba a kan zanena.

"Shekara mai zuwa za su sake kiranka," na ce.

"Riƙe da kyau, tana motsi."

Na ƙara matsewa. Ya shafa hannun kujerar da tafinsa, ya sami wani ɗan wuri da bai yi santsi ba, ya koma kansa. Da shekara ta zagayo sun kira shi, kamar yadda tsohon ya ce. Ya gode musu, ya ce a ba wani.